Gandu da Gayauna a Gidan Doctor Who

A gidan kakana, idan yaro ya fara tsiro da gemu, ba a cewa ya tashi ya yi nasa gidan. Gayauna ake yanka masa a gefen gandu. Daga safe zuwa azahar kowa yana gandu, ana noman geron da gida zai ci. Da la'asar sai ya saɓi fartanyarsa ya nufi 'yar gonarsa, abin da ya samu can nasa ne. Tsohon ba ya gaya wa kowa abin da zai shuka, amma yana da ido. Wanda ya zuba gyaɗa ko riɗi ko barkono, sai ka ga tsohon ya gyaɗa kai ya wuce. Wanda kuwa ya sake shuka gero, geron da rumbuna ke cike da shi, sai ya tambaye shi ko gasa yake so su yi.

Shi ne yake faɗo mini a rai duk lokacin da na ji BBC za ta fitar da sabon shiri daga jikin Doctor Who.

Ga wanda bai san shi ba, Doctor Who shiri ne na almarar kimiyya da aka fara nunawa a Birtaniya ranar 23 ga Nuwamba, 1963, kashegarin kashe shugaban Amurka Kennedy. Labarin wani baƙo ne daga wata duniya, ana ce masa Dakta, yana yawo cikin zamani da sararin samaniya a wani shuɗin akwatin wayar 'yan sanda wanda cikinsa ya fi wajensa girma. A 1966 lafiya ta gaza wa William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta, sai masu shirin suka ƙirƙiro dabara: Dakta ba ya mutuwa, sake jiki yake yi, ya tashi da sabuwar fuska. Nan gidan ya bambanta da namu. A wurinmu ranar da maigida ya rufe ido ake fara maganar rabon gandu. Wannan maigidan kuwa ya haura shekara sittin, an canja masa fuska fiye da sau goma sha biyu, ba a taɓa zaman rabon gadonsa ba. Duk wanda ya girma a gidan, gayauna kaɗai zai samu.

An gwada ta farko a 1981 da K-9 and Company, labarin Sarah Jane Smith, tsohuwar abokiyar tafiyar Dakta, da wani karen ƙarfe. Fitowa ɗaya aka yi, shi ke nan. A 1989 gandun kansa ya zama saura, kuma ban da wani fim guda na 1996, haka ya kwanta har 2005, lokacin da Russell T Davies ya sake share shi a birnin Kadif. Damina ta yi kyau. Kafin a cika shekara biyu an yanka gayauna biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma.

Ta farko a cikinsu ita ce Torchwood, a 2006. Sunan ma haruffan Doctor Who ne aka jujjuya. Barkono aka shuka a nan: shiri ne na manya, na dare, da zagi da jini da abubuwan da ba a kallo tare da yara. Jagoransa Kyaftin Jack Harkness, wanda John Barrowman ke fitowa a matsayinsa, ya riga ya yi noma a gandu a zangon 2005, masu kallo sun san shi. Zangon farko, a gaskiya, ya yi kama da saurayin da aka ba ɗaki a waje ya fara shan taba don a san ya girma. Amma shirin ya yi ta hawa, daga BBC Three zuwa BBC Two, har BBC One a 2009, inda aka nuna Children of Earth dare biyar a jere. A cikinsa wasu halittu sun zo suna neman ɗaya cikin goma na yaran duniya, kamar masu karɓar ushiri, sai ga ministoci zaune a tebur suna lissafin 'ya'yan wa za a bayar, suka tsaya a kan yaran makarantun da ba sa ƙoƙari. A ganina babu abin da gidan ya taɓa fitarwa mai nauyin wannan. Kuma ba zai yiwu a yi shi a gandu ba, domin da Dakta yana nan da ya zo ya warware komai kafin a kai ga wancan teburin. Rashin maigida shi ne takin labarin.

Ta biyu, The Sarah Jane Adventures, a 2007, ta yara ce zalla. Elisabeth Sladen, wadda ta fara taka Sarah Jane tun 1973, ta dawo tana da shekara sittin tana jagorantar 'yan makaranta. Wa zai ce shirin yara zai tsaya a kan dattijuwa? Ya tsaya, har zango biyar, kuma ba ƙosawar masu kallo ta tsayar da shi ba; rasuwarta ce, a Afrilu 2011, ana tsakiyar aikin zango na biyar. Dakta ya leƙa wannan gayauna sau biyu, a 2009 da 2010, amma bai taɓa taka ta Torchwood ba, don kada yara su bi sawunsa su faɗa inda bai dace ba. Tsohon nan namu ma ya san gonar da ake zuwa da jikoki.

A 2008 aka yi gayya. Ƙarshen zango na huɗu ya tara kowa, mutanen Torchwood, Sarah Jane da ɗanta, har da karen ƙarfe, a labari guda, kuma fiye da mutum miliyan 10 suka kalli fitowar ƙarshe a Birtaniya. Tun daga ranar masu shirya talabijin ke mafarkin sake ganin irin wannan taro. Sai dai gayya ba ta yin armashi sai in kowa ya riga ya yi ƙarfi a gonarsa.

Torchwood ya tafi ci-rani a 2011. Tashar Starz ta Amurka ta zuba kuɗi, aka kwashe yawancin labarin zuwa can, aka ja shi fitowa goma. Ya dawo da kaya masu tsada da baƙon harshe, bai kuma sake fitowa a talabijin ba.

Class, na 2016, shi ya fi ba ni tausayi. Marubucinsa Patrick Ness gwani ne, kuma makarantar da aka kafa labarin a ciki, Coal Hill, ita ce wadda ta fito a rana ta farko a 1963. Amma ɗaliban duk baƙi ne, ba wanda ya taɓa riƙe fartanya a gandu. Peter Capaldi, Daktan lokacin, ya zo a fitowar farko ya damƙa musu gona ya tafi, kamar mai gabatar da agola ga dangi. Abin da suka shuka kuma, matasa na faɗa da dodanni, bai yi nisa da geron gida ba. Ga shi an sa shi a BBC Three bayan tashar ta koma intanet kaɗai, a shekarar da Doctor Who kansa bai fito ba sai sau ɗaya, ranar Kirsimeti. Fitowa takwas aka yi aka naɗe tabarma.

Da Davies ya dawo a 2023, ya zo da abokin noma mai ƙarfi, Disney+, da sabon Dakta, Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, da kuma maganar gina dangin shirye-shirye a ƙarƙashin suna ɗaya. Ni ba na ƙin faɗaɗa gida. Abin da ya tsaya mini shi ne lissafin. A 2005 zango ɗaya fitowa 13 ne. A 2024 da 2025 ya koma takwas-takwas. Yarjejeniyar da Disney ta fitowa 26 ce, kuma biyar daga ciki na sabuwar gayauna ne, The War Between the Land and the Sea, labarin wata runduna mai suna UNIT da halittun teku da aka fara gani a gandun tun 1972. Wato ba gefen daji aka share mata ba, daga cikin gandu aka auna ta. Gatwa ya sauka a Mayu 2025, a Oktoba aka sanar cewa Disney ba za ta ci gaba ba, a Disamba kuma sabon shirin ya fito a BBC One, gandu na tsaye babu zango na gaba a hannu.