Wa ke tantance gwajin barci?

A Amurka, idan likita ya ga alamar yankewar numfashi cikin barci, yakan sa mutum ya kwana a ɗakin gwaji, an manna masa wayoyi a kai da ƙirji da ƙafa. Gari na wayewa sai ma'aikaci ya zauna gaban kwamfuta ya bi bayanan daren gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa daƙiƙa 30. Barcin awa 8 gaɓa 960 ke nan. Zai tantance zurfin barcin kowace, ya ƙirga duk inda numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye.

Ƙarancin ƙwararru da neman sauƙin kuɗi sun sa asibitoci da dama miƙa aikin ga kamfanonin waje ta intanet, wasu ma a Indiya.

Ƙa'ida dai akwai ta. A 2007 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, AASM, ta fitar da littafin da ya maye gurbin tsohon tsarin tantancewa na 1968. Duk da haka, binciken da aka wallafa a 2013 ya nuna masu tantancewa na dacewa da juna ne a kusan kashi 83 cikin 100 na gaɓoɓin. Wannan giɓi abin damuwa ne matuƙa, domin yankewa 14 a awa ciwo ne mai sauƙi, 16 kuwa matsakaici, kuma maganin da za a bayar na iya bambanta.

Shi ya sa bai kamata likita ya sa hannu kan rahoton kamfani ba sai ya buɗe ainihin bayanan daren ya duba da idonsa.