Tafin Hannu da Allon Malam

Daga garin Diffa zuwa Sayam Forage tafiyar kimanin kilomita 40 ce, sai ka bar kwalta ka kama rairayi. Sunan wurin daga rijiyar burtsatse ya samo asali, don foraj suke ce mata da Faransanci. A ƙarshen 2014 aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira a wurin, bayan Boko Haram ta ci Damasak a watan Nuwamba, jama'a suka tsallako Komadugu lokacin kogin yana cike. Daga baya mutanen Baga da Malam Fatori da tsibiran Tafkin Chadi suka biyo sahu. An ba su rumfa, an ba su ruwa da hatsi. Abin da ba a raba shi da mudu shi ne barci.

Wani saurayi da na san mahaifinsa tun zamanin da kasuwar tattasai ke ci ya tare ni a gindin wata aduwa, waya a hannunsa. Mahaifiyarsa ce ba ta da lafiya, amma ba ciwon da za ka nuna da yatsa ba. In murfin tukunya ya faɗi sai ta zabura. A 2015 aka hana hawa babur a jihar Diffa saboda a kansa maharan ke zuwa, an daɗe ba a jin ƙararsa a hanya, ita kuwa tana jinta a mafarki. Kusan kowane mako dannau na kama ta: ta farka, idonta biyu, ba ta iya ɗaga ko ɗan yatsa, tana jin wani abu ya hau ƙirjinta.

Yaron ya yi karatu gwargwado, kuma duk dare yana karanta abin da ya samu a intanet game da warkarwa da wani ƙarfi na ɓoye da suke kira enaji. Ya nuna mini hoton mutum a zaune da ɗigo bakwai masu launi daga ƙugu zuwa tsakar ka. Wani ma ya yi masa tayin yi wa tsohuwar aiki daga nesa in ya tura jaka goma.

Ya ce, "Baba, don Allah wannan abin gaskiya ne, ko kuɗina za su ci?"

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, don haka ban yi masa dariya ba. Tambayar tasa ma tambayoyi uku ce aka ƙulle a ƙunshi ɗaya, kuma masu wannan ciniki sun fi son a bar su a ƙulle.

Ta farko ita ce mai sauƙi, don ana iya gwada ta. Masu wannan hanya suna cewa akwai wani ƙarfi da ke gudana a jikin mutum kamar ruwa a lambatu, in ya toshe sai ciwo, kuma mai ilimin abin zai iya jin sa da tafin hannu ya buɗe masa hanya. A Sin suna ce masa ci, a Indiya firana, ɗigon nan bakwai kuma cakra. Daga cikin hanyoyin da suka yaɗu yau akwai Reiki, wanda wani Bajapane mai suna Mikao Usui ya fara koyarwa a 1922 bayan ya yi kwana 21 yana halwa a kan dutsen Kurama.

Turawa sun taɓa irin wannan zazzaɓin. Wani likita Bajamushe, Franz Mesmer, ya cika birnin Faris da labarin wani maganaɗisu da yake turawa jikin marasa lafiya, mata da maza na faɗuwa suna shure-shure, su tashi su ce sun warke. A 1784 Sarki Luwi na 16 ya naɗa kwamitin bincike, cikinsu har da Benjamin Franklin, jakadan Amurka. Dabararsu ba ta da wuya: su hana mara lafiya sanin lokacin da ake yi masa aikin. Almajirin Mesmer ya sa wa wata bishiya ƙarfin a lambun Franklin, aka ɗaure wa wani yaro ɗan shekara 12 ido aka riƙa kai shi gindin bishiyoyi. A bishiya ta huɗu ya sume, alhali ba ita aka taɓa ba. Kwamitin ya ce sumar gaskiya ce, amma daga zuciyar yaron ta fito, ba daga bishiya ba.

Bayan shekara ɗari biyu wata yarinya 'yar shekara 9 a Amurka, Emily Rosa, ta maimaita gwajin da kwali. Ta huda ramuka biyu, mai warkarwa ya zuro hannayensa ba ya ganinta, ita kuma ta ɗaga hannunta a saman ɗaya daga cikinsu, shi zai faɗi wanne ne. Mutum 21 ta gwada, sau 280. Sau 123 suka dace, wato kashi 44 cikin 100, ko canki-canka aka yi ana sa ran rabi. An buga sakamakon a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 1998. Har yau babu na'urar da ta auna wannan ƙarfi, alhali wutar da zuciya da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, ƙanƙanuwa ƙwarai, ana auna ta kullum a asibiti.

To me ya sa mutane ke rantsuwa sun ji sauƙi? Ba ƙarya suke yi ba, kuma nan ne maganar ta fi daɗi. Mutum ya kwanta a wuri shiru, wani ya ba shi hankalinsa gaba ɗaya na rabin awa, numfashinsa ya lafa, ya sa rai zai warke. Jiki yana amsa wannan. A 1978 masu bincike a Amurka sun nuna cewa wanda aka cire wa haƙori aka ba shi maganin banza yana ganin na gaske ne, raɗaɗinsa kan ragu, amma in aka yi masa allurar da ke toshe sinadaran kashe zafi na cikin jiki, sauƙin sai ya gushe. Ashe sa rai kansa yana sa ƙwaƙwalwa ta saki nata maganin.

Sai dai abin yana da iyaka, kuma masu asma ne suka nuna ta. A wani gwaji da aka buga a 2011, an ba wasu maganin shaƙa na gaske, wani lokaci kuma na banza. Da aka tambaye su, sauƙin da suka ce sun ji kusan ɗaya ne. Da aka sa su hura na'ura, na gasken ya buɗe huhu da kashi 20 cikin 100, na banzan kashi 7, daidai da wanda ba a ba shi komai ba. Mutum na iya jin ya warke huhunsa na nan a shaƙe. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau wa ka, aka kwana biyu ana shafe-shafe kafin a kai shi likita, ya san farashin wannan kuskure.

Dannau kuwa an san yadda yake aukuwa. A sashen barcin da ake mafarki, ƙwaƙwalwa kan kashe motsin gaɓoɓi, don kada mai mafarkin gudu ya tashi ya faɗa wuta. Wani lokaci hankali kan riga jiki farkawa, sai mutum ya samu kansa a ɗaure, guntun mafarki na manne da idonsa. Daƙiƙoƙi ne ko 'yan mintoci, kuma ba ya kisa. Rashin barci da fargaba da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Likitan ƙwaƙwalwa Devon Hinton ya same shi da yawa a tsakanin 'yan gudun hijirar Kambodiya da ke Amurka, su ma suna cewa fatalwa ce ke danne su. Nisan ƙasa bai bambanta su da matan Komadugu ba: tsoro na hana barci, rashin barci na kawo dannau, dannau na ƙara tsoro.

Tambaya ta biyu ta imani ce, kuma bai kamata a cusa ta buhu ɗaya da ta farko ba. Na raka yaron wurin malamin da ke yi wa tsohuwar rubutu. Dattijo ne Babarbare, yana zaune kan buzu, allo a cinya, yana tsoma alƙalamin kara a tawadar da aka haɗa da ƙaro. Bai yi gaggawa ba. Yana rubutu yana tambayarta wa ta baro a can, wa ya rasu a hanya, wa take gani in abin ya zo. Ta daɗe tana magana, har da kuka. Sannan ya wanke allon a ƙwarya, ya yi tofi, ya miƙa mata.

Na ce, "Allah gafarta Malam, me ke cikin ruwan nan?"

Ya ce, "Roƙo ne, Alhaji. Mai ba da lafiya daban yake."

Malamin bai ce wani ƙarfi na fita daga hannunsa ba, don haka kwalin Emily ba shi da abin da zai kama a nan. Addu'a ce, kuma tsohuwar hanya ce a ƙasar nan. Nana Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839 kan falalar surori ga mai ciwo da mai damuwa. Malamai sun saɓa kan shan rubutu, wasu sun tsaya ga ruƙiyya kaɗai, wannan muhawararsu ce. Abin da na gani da idona shi ne a duk makon nan babu wanda ya zauna ya saurari matar nan sai shi.

Ba kowane mai allo ne haka ba. Akwai mai dukan mara lafiya da sunan dukan aljani, akwai mai sa mari a ƙafa, akwai mai hana mai farfaɗiya shan ƙwaya, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su daina faɗuwa in sun samu magani daidai. Wannan ba imani ba ne, cuta ce. Kuma ba dole sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. Tun 1954 Dakta Thomas Lambo ya zaunar da masu taɓin hankali a ƙauyukan Aro kusa da Abekuta tare da danginsu, ya ba su maganin asibiti, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya.

Ta uku ita ce mai zurfi: wane ne wannan da ke cikin jiki yana jin tsoro, yana sane da cewa yana ji? Hausa ba ta talauce a nan ba. Muna da rai, muna da ruhi, muna da kurwa wadda ake cewa maye na kamawa, ga hankali mai gushewa ya dawo, ga zuciya mai baƙi da fari. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya zauna ya bambance zuciya da ruhi da nafsu da hankali a cikin Ihya'u. Kafin shi Ibn Sina ya kawo misalin mutumin da aka halitta a sararin iska, ba ya gani, ba ya ji, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna, ya ce duk da haka zai san yana nan. Suratul Isra'i kuwa ta bar sanin haƙiƙanin ruhi a wurin Ubangiji.

Masu kimiyya sun yi nisa ta wani ɓangaren. Suna iya ɗauke hankalin mutum da allura a yi masa tiyata su dawo da shi. A 2006 Adrian Owen a Ingila ya sa wata mata da ake ganin ba ta san inda take ba cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ya ce ta yi tunanin tana wasan tanis, ƙwaƙwalwarta ta amsa kamar ta mai lafiya. Amma yadda tsoka da jijiya ke zama jin zafi ko ganin ja, wannan ya gagara. A 1998 masanin ƙwaƙwalwa Christof Koch ya yi fare da masanin falsafa David Chalmers cewa cikin shekara 25 za a gano gurbin abin a ƙwaƙwalwa. A 2023 ya fito bainar jama'a ya ce an ci shi.

Wannan giɓin shi ne shagon masu sayar da enaji. Suna cewa tunda kimiyya ba ta san mene ne hankali ba, to nasu zancen ya tabbata. Rashin sanin zurfin Tafkin Chadi bai sa duk wanda ya ce ya ga gari a ƙarƙashinsa ya zama mai gaskiya ba. Littattafan ba haramun ba ne a karanta, wasu ma suna koyar da jan numfashi a hankali da zama shiru, abin da mai lazimi bayan asuba ya daɗe da sani. Amma da marubuci ya ce zai warkar da ciwon daji ko ciwon suga da tafin hannu, ko zai aiko da lafiya ta waya in an tura kuɗi, ni a nan nake rufe littafin.

Jaka goman nan yaron bai tura ba. Ya kai tsohuwar ɗakin shan magani na sansanin aka auna jininta, aka haɗa ta da masu sauraron waɗanda tashin hankali ya taɓa. Ya yi mata bayanin dannau da Barbarci, ya ce ta riƙa kwanciya ta gefe, ƙanwarsa kuma ta dawo ɗakinta da kwana. Ranar Alhamis tana zuwa wurin malam kamar yadda ta saba. Da na koma bayan damina ta ce mini abin yana zuwa har yanzu, amma ba kamar da ba, in ya zo sai ta yi ta ƙirga numfashinta har ya sake ta. Murfin tukunya dai har gobe ba a yar da shi a gabanta.