Wazobia Linux: Manhajar da Ta Ji Hausa

Idan kun taɓa zuwa Sangere, kusa da Jami'ar Modibbo Adama, kun ga shagunan da ɗalibai suke kai aikinsu a buga musu. Ku dubi fuskar kwamfutar da ke shagon. Da wane harshe take ba da umarni? Da Turanci. To, an taɓa ƙoƙarin sauya wannan a Nijeriya.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda take tafiyar da ita. Windows ta kamfanin Microsoft ce. Sayen ta ake yi, kuma ba a yarda kowa ya canja ta ba. A shekarar 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyar wata manhaja mai suna Linux. Ya bar ta a buɗe: kowa yana iya karanta ta, ya gyara, ya raba wa wasu.

Amma zuciya kaɗai ba ta isa ba. Sai an haɗa ta da wasu manhajoji, kamar na rubutu da na lissafi, a ƙunshi ɗaya. SLS, wanda Peter MacDonald ya fitar a 1992, yana cikin ƙunshi na farko-farko. Bai daɗe ba, amma daga gare shi aka gina Slackware a 1993, wanda yake nan har yau.

Wajen shekarar 2006 wani kamfanin Nijeriya, Leapsoft, ya fitar da nasa ƙunshin, Wazobia Linux. Ku lura da sunan: “wa” da Yarabanci, “zo” da Hausa, “bia” da Ibo, duk ma'anarsu ɗaya. Manufar ita ce mutum ya yi aiki da kwamfuta da harshensa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Dole a nemo kalmar Hausa ga kowane umarni, kuma a tabbata haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun fito daidai. In ba haka ba, “ƙasa” sai ta zama “kasa”.

An daina sabunta Wazobia Linux. Irin wannan ƙunshi yana bukatar masu kula da shi kullum, suna toshe kurakurai; da zarar sun bari, masu amfani da shi sai su watse. Ita kuwa Linux tana nan. Idan wayarku Android ce, a kan zuciyar Linux take aiki.