Dogon Zama Da Ciwon Baya: Bashin Da Kujerar Ofis Ke Bin Mu

Duk wanda ya yi zama da ma'aikatan gwamnati, malaman jami'a ko ma'aikatan banki, ya san ƙorafin da ya fi yawa a bakinsu bayan na albashi shi ne ciwon baya da na wuya. Mutum bai cika hamsin ba, amma idan zai tashi daga tabarma sai ya dafa ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma babu wata larura da ta kai shi nakasa mutane da hana su aiki.

Gadon bayan ɗan Adam jerin ƙasusuwa 33 ne, masu motsi a ciki 24: bakwai a wuya, 12 a bayan ƙirji, biyar a ƙugu. Tsakaninsu akwai faifan guringuntsi mai taushi da ke shanye nauyi. Wannan faifai kusan ba shi da hanyoyin jini na kansa. Da matsewa da sakewa lokacin motsi yake samun abincinsa. Ke nan wanda ya dasa kansa a kujera tun ƙarfe takwas na safe har la'asar, ya shiga mota ya sake zama cikin cunkoso, ya isa gida ya kishingiɗa da waya a hannu, ya bar bayansa da yunwa, tsokar da ke riƙe shi kuma ta yi sanyi.

Wayar salula ta ƙara dagula lamarin. Kan babban mutum yana da nauyin kusan kilo biyar. A shekarar 2014 wani likitan ƙashin baya a birnin New York na Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafa cewa idan aka sunkuyar da kai sosai ana duba waya, nauyin da wuya ke ɗauka yana kai wa kilo 27.

Sai dai a nan nake son mai karatu ya lura. An daɗe ana ce mana maganin abin shi ne mu zauna a sandare kamar soja a fareti. Masana a yau sun fi karkata ga cewa babu wani zama guda da ya dace da kowa, kuma illar ta fi yawa a daɗewa cikin yanayi ɗaya, ko da kuwa a miƙe yake.

Shawarata ga 'yan uwana ma'aikata mai sauƙi ce. A tashi bayan kowane rabin sa'a, ko da zuwa bakin taga ne. Maimakon aiken masinja da fayil zuwa ofishin da ke kusa, a kai da ƙafa. A ɗaga fuskar kwamfuta ta yi daidai da ido, ko da tsofaffin littattafai za a sa a ƙarƙashinta. Tafin ƙafa ya taka ƙasa, a sa ɗan matashi a bayan ƙugu. Idan za a ɗaga jarkar ruwa ko buhu, a matso da shi kusa da jiki, a durƙusa da gwiwa. Sannan a riƙe ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya: motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wanda tafiyar rabin sa'a cikin sauri sau biyar ta wadatar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda muka mayar da kemis asibiti. Daɗewa ana shan Diclofenac ko Ibuprofen ba bisa umarnin likita ba yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Haka kuma ba kowane ciwon baya ne na zama ba. Idan ya zo da zazzaɓi, rama, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, a garzaya asibiti, domin tarin fuka ma yana kama ƙashin baya.

Kira na ƙarshe ga shugabannin ma'aikatu ne da iyaye. Kujera mai kyau ta fi kuɗin jinyar ma'aikaci araha. Yaranmu kuwa a saba musu da wasan guje-guje maimakon wuni a kan waya, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.