Allurar yara: yadda ake rage musu zafinta

Jariri yana shan allurar rigakafi ta cikin tsoka yana da sati 6, a sake a sati 10 da sati 14, kuma sau da yawa ba guda ɗaya ake yi masa a zama ɗaya ba. Akwai uwar da idan ta ga kukan da ya yi karon farko sai ta ƙi komawa, yaron ya tashi da rigakafi rabi da rabi. Wannan yana cikin abin da ya sa a shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani kan rage wa yara zafin allura, kuma mafi yawan abin da ta ambata ba ya cin ko dala.

Mafi girma a ciki shi ne nono. Uwa ta rungume jaririnta, ta fara ba shi kafin a soka allurar, ta ci gaba har a zare. Zaƙin nonon da tsotso da ɗumin jikinta suna rage zafin. Kwantar da yaro a tebur a danne masa hannu da ƙafa kamar ragon layya kuwa tsoro yake ƙara masa, tsoro kuma yana ƙara zafi. Wanda ya yi wayo a zaunar da shi a cinya, a ɗauke masa hankali da hira ko abin wasa.

Malamin asibiti ma yana da nasa rabon. Ya fara da maganin ɗigawa a baki, ya bar allurar da ta fi zafi a ƙarshe, ya soka ya tura ba tare da jan bayan sirinji don neman jini ba, domin jan yana tsawaita zaman allurar a nama. Jaririn da bai kai shekara ba a gefen cinya ake yi masa. Ɗuwawu akwai babbar jijiyar ƙafa a wurin, kuma an sha ganin yaran da ƙafarsu ta shanye bayan allurar zazzaɓi a hannun wanda bai san aikin ba. Shayar da farasitamol tun daga gida don gudun zafin allura ba ya cikin abin da hukumar ta yarda da shi.

Sai kuma harshe, ya ku iyaye, a nan muka fi sakaci. Yaro ya yi ƙiriniya a ce za a kira mai allura. Ranar da ya kwanta ciwo kuma a ce masa ba zafi ko kaɗan. Na farko ya mayar da mai magani dodo, na biyu ƙarya ce tsagwaronta. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana ƙarami da alkawarin kyauta, Annabi (SAW) ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. To ina ga wanda ya san za ta yi zafi ya ce ba za ta yi ba? Yaron zai gane cikin daƙiƙa guda, gobe ba zai yarda da kai ba. A gaya masa zai ji kamar cizon cinnaka, ya ja dogon numfashi ya hura, kafin ya ƙirga biyar an gama.