Yadda ƙamshin tamata ke taimaka wa manoma yaƙar rinar almon

A ƙasashen Girka da Turkiyya da Faransa akwai wata 'yar ƙaramar rina da ta addabi masu lambunan almon, itacen da ake cin ƙwayarsa kamar gyaɗa. Da bazara tamatar kan huda ɗanyen ɗan itacen ta saka ƙwai a ciki. Tsutsar da ta fito sai ta cinye ƙwayar, ta zauna cikin busasshen ɓawon har shekara ta zagayo. Da zarar ta shige ciki, da wuya feshi ya kai gare ta, don haka dole manomi ya san lokacin da manyan ƙwarin ke fitowa.

A nan ne feromon ke da amfani, wato sinadarin da tamata ke fitarwa domin kiran namiji. Masanin Jamus Adolf Butenandt ne ya fara tantance irinsa a 1959, daga ƙwaron da ke samar da siliki. A 2001 kuma masu bincike a Girka suka gano sinadaran da tamatar wannan rina ke fitarwa. Idan aka sanya ƙamshin a tarko mai danƙo, mazan kan taho su maƙale. Ranar da suka fara bayyana, manomi ya san mata na tafe, sai ya yi feshi a kan kari maimakon ya yi ta zuba magani bisa kirdado.

Sai dai kame mazan kaɗai ba ya kawo ƙarshen ɓarnar. A dangin rina da zuma, tamatar da ba a barbara ba tana iya saka ƙwai, su kuma ƙyanƙyashe maza. Ke nan tsutsa za ta ci ƙwayar ko da namiji bai kusanci uwarta ba. Shi ya sa masana ke jaddada tsinke busassun 'ya'yan da suka rage a bishiya a ƙone su kafin bazara.

Masu lambun mangwaro a Afirka na amfani da makamanciyar wannan dabara kan ƙudan da aka fara gani a Kenya a 2003, wanda ya bazu har Najeriya. Ana jawo mazansa da sinadarin metil yujinol, kuma shi ma sai an haɗa da tsince rubaɓɓen mangwaro a binne kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu.