Kafin A Juye Kaset-Kaset Ɗin Zango: Saitin Da Ya Kamata A Fara Dubawa

Jama'a, da wuya a shiga wani babban gida a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a Ankara, ko kuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, a rasa tsohon akwati ko kwali cike da kaset-kaset na bidiyo. A cikinsu akwai bukukuwan aure da na suna, da naɗin sarauta, da rakiyar alhazai, da fuskokin dattawan da yanzu suka riga mu gidan gaskiya. Kamfanin JVC na ƙasar Japan ne ya fito da irin wannan kaset na VHS a 1976, kuma kamfani na ƙarshe da ke ƙera injin kunna shi, watau Funai, ya daina a 2016. Ma'ana, injinan da suka rage a hannunmu su ke nan, ga kuma zafi da damshi suna cin zaren kaset ɗin a hankali.

Saboda haka ne matasanmu masu sana'ar ɗaukar bidiyo suka duƙufa wajen juye waɗannan kaset-kaset a kwamfuta, suna tace su da manhajoji irin su Adobe Premiere Pro da DaVinci Resolve, ko na kyauta kamar Shotcut da Kdenlive. Wannan aiki abin yabo ne. Sai dai akwai wani lungu a cikin kowace manhaja, wanda akan rubuta masa Preferences ko Settings, watau wurin saiti, da yawancinmu ba mu leƙawa. Wanda ya rubuta manhajar bai san zango ba, bai san wutar lantarkinmu ba, bai kuma san haruffanmu ba. In ba mu gaya mata ba, da saitin wata ƙasa za ta yi mana aiki. Ga shi kuma galibi da zarar an juye kaset sai a yi watsi da shi, abin da ya lalace wajen juyewa ya lalace ke nan.

Hoto nawa a daƙiƙa?

Bidiyo ba komai ba ne illa hotuna masu bin juna da sauri. Talabijin ɗinmu na da a Gana, kamar na Nijeriya da Ingila, tsarin PAL yake bi, mai hoto 25 a kowace daƙiƙa. Amurka kuwa NTSC take bi, mai hoto kusan 30, ko a ce 29.97. Shi kuma DaVinci Resolve, in aka buɗe sabon aiki ba a taɓa komai ba, a kan 24 yake zuwa, irin na silima.

In aka ɗora kaset mai 25 a kan aiki mai 30, dole manhajar ta riƙa maimaita hoto ɗaya bayan kowane biyar don ta cike gurbi. In kuwa a kan 24 aka ɗora, sai ta riƙa yar da hoto ɗaya a kowace daƙiƙa. Ko ta wane hali, idan ayarin amarya ya zo wucewa, ko doki ya zabura, sai a ga tafiyar tana ɗingishi. A lura kuma, DaVinci Resolve kan kulle wannan wuri da zarar an zuba hotuna a cikin aikin. Tun ran gini tun ran zane: a sa 25 kafin a shigar da komai.

Haka nan a dubi inda kaset ya fito. Wanda 'yan'uwanmu na Bronx a birnin New York suka aiko a can baya, mai yiwuwa NTSC ne, sai a buɗe masa nasa aikin dabam. Maƙwabtanmu Togo da Burkina Faso da Kodebuwa, har da Nijar, tsarin Faransa na SECAM talabijin ɗinsu ya bi. Shi ma 25 ne, amma in aka ɗauko shiri daga talabijin ɗinsu aka kunna a matsayin PAL, yana iya fitowa baƙi da fari. Kafin a ce kaset ya mutu, a fara canza tsarin a saitin na'urar juyewa.

Masu ɗaukar sabon biki da waya su ma abin ya shafe su. Lantarkinmu sau 50 yake bugawa a daƙiƙa, na Amurka sau 60. Wayoyi da yawa a kan 30 suke zuwa, shi ya sa akan ga haske yana kyaftawa idan an ɗauki hoto da dare ƙarƙashin wasu fitilu. In wayar tana da 25 ko 50, a zaɓa.

Kada a faɗaɗa fuskar Hajiya

Tsohon talabijin fuskarsa 4 bisa 3 ce, na yanzu kuwa 16 bisa 9. Girman hoton PAL a kwamfuta shi ne 720 a kwance, 576 a tsaye. Wasu masu tacewa ba sa son ganin baƙin fili a gefe da gefe, sai su ja hoton ya cika allo. Wannan jan yana ƙara wa kowace fuska kashi ɗaya cikin uku na faɗinta. Jikokin da ba su taɓa ganin kakarsu ba, da wannan fuskar za su san ta. A je saitin da ke kula da hoton da girmansa bai dace da allo ba, a zaɓi wanda ke shigar da dukan hoton ba tare da ja ko yanka ba. Baƙin gefe ba aibu ba ne.

Bugu da ƙari, kowane hoton kaset rabi biyu ne da aka saƙa cikin juna, layi bayan layi. A allon kwamfuta ko waya, wannan saƙar kan fito kamar haƙoran matsefi a jikin duk abin da ke motsi. Manhajojin suna da wurin warware ta. Shawararmu ita ce a ajiye juyi na farko yadda yake, sa'an nan a warware saƙar a kwafin da za a raba wa dangi. Sauti kuma a sa shi a kan 48 kHz tun daga juyewa har zuwa fitarwa, kada a gauraya.

Wuta da ma'ajiya

Duk wanda ya ga dumso na 2014 da 2015 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kowace babbar manhaja tana da saitin adana aiki da kanta. A kunna shi, a sa minti biyar-biyar, a kuma ce ta riƙa ajiye kwafi da yawa, ba ɗaya ba. Sa'an nan a nuna mata inda za ta zuba tarkacen da take tarawa yayin aiki, domin in an bar ta, a babban faifan kwamfutar za ta jibge shi har ya cika. Awa guda ta bidiyo a tsarin DV tana cin wajen gigabait 13, watau kaset mai awa uku ya kusa 40. Juyi na farko a ajiye shi a faifai biyu, ɗaya a shago, ɗaya a hannun masu kaset. Abin da aka tura ta WhatsApp a matsayin bidiyo an riga an matse shi, ba ya zama ajiya.

Rajista, ita ce gadon

A ganinmu nan ne aikin ya fi nauyi. Masu wannan sana'a suna da abin da suke kira rajistar hotuna, watau a bi bidiyo yanki-yanki ana rubuta abin da ke ciki. Premiere Pro da DaVinci Resolve duka suna ba mutum damar zaɓar gurabun bayanin da yake son gani kusa da kowane yanki, da kuma dasa alama a daidai daƙiƙar da wani ya bayyana. A fito da gurabun nan: shekara, unguwa, wane biki ne, su wa ke ciki, da wane harshe ake magana. A zangonmu kaset guda yana iya ɗauke da Hausa da Dagbanci da Zabarmanci da Tuwi.

Sunan kowane juyi a fara shi da shekara, sai wata, sai rana, alal misali 1994-03-04, domin Amurkawa wata suke sa wa a gaba, mu kuwa rana, kuma manhaja tana iya bin nasu. Wajen rubutun da zai fito a allo kuwa, a zaɓi salon haruffa mai ƙ da ɗ da ɓ, irin su Noto Sans ko Charis SIL ko Andika, a mai da shi na dindindin. In ba haka ba, a inda ya kamata a ga Ɗanladi sai a ga ɗan akwati, ko a rubuta baki alhali baƙi ake nufi.

Amma fa gurbi ba ya cika kansa. Yaron da ke gaban kwamfuta ba a haife shi ba lokacin da aka ɗauki kaset ɗin. Don haka muna kira ga masu shaguna, in an kawo muku kaset ku nemi a zo da wata dattijuwa ko dattijo daga gidan, ku ba su kujera, ku riƙa tsayar da hoton suna faɗin sunaye kuna rubutawa. Su kuma masu kai kaset, ku tambayi mai shago a kan hoto nawa ya sa aikin, ku karɓi juyi na farko, kada kuma ku yar da kaset ɗin bayan an gama. Duka saitin nan bai wuce aikin minti goma sha biyar ba, kuma yawancinsa ana iya adana shi a riƙa ɗaukowa a kowane sabon aiki.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kuma yi wa sana'ar matasanmu albarka.